BABUR ƊIN BABANA

Duk mai bin littattafan soyayya ta san yadda muke shigo da saurayi cikin labari: Marsandi ce baƙa wul, ya sauke gilashi a hankali, ƙamshin turare ya daki hancin yarinya. Ni ma haka nake rubutawa, don haka kuke so. Amma wallahi namijin da ya fi kowa kwarjini a idona bai taɓa mallakar mota ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Babur gare shi, Honda Rodmasta, kuma labarinsa nake son ba ku a wannan fitowar.

Babana malamin firamare ne a Ƙauran Namoda. Ya sha ba mu labarin cewa yana sabon malami aka biya kuɗin Udoji a 1975, ma'aikata suka ruɗe da saye-saye, wasu rediyo, wasu Besfa, wasu kuma suka ƙara aure. Shi nasa rabon keke ya iya saya masa. Sai bayan wasu shekaru ya haɗa adashi da rance ya sayi wannan babur, tun ba a haifi babbar yayarmu ba. Ni ce auta, don haka ko da na buɗe ido babur ɗin ya riga ya tsufa, fentinsa ya koɗe, an sake wa kujerarsa fata ba sau ɗaya ba. Sai dai ba za ki taɓa ganin ƙura a jikinsa ba. Kullum bayan sallar asuba Baba zai zauna a zaure da tsumma yana goge shi, ya duba baƙin mai, ya matsa tayoyi da yatsa, in ranar Juma'a ce har filogi sai ya kwance ya hure. Inna takan ce kishiyarta ce, wadda ba ta girki amma ta fi kowa samun kulawa.

A zamaninsu, in ji shi, masu babur a gari ƙidayayyu ne: malaman makaranta, malaman asibiti, malaman gona, ma'aikatan reluwe, tunda a Ƙaura layin dogon da ya taso daga Zariya ya tsaya tun 1929. Duk sun san juna. In biyu suka haɗu a hanya sai an rage gudu an ɗaga hannu, in kuwa aka tarar da wani a tsaye yana fama da faci, to ba mai wucewa, ko da kuwa ɗaurin aure zai makara. Ba wata ƙungiya ce da su ba, ba kati, ba shugaba. Kawai dai wanda ya hau babur ana ɗaukarsa mutumin kirki ne mai abin yi, shi ma sai ya riƙe girmansa.

Abin da na fi tunawa shi ne tafiye-tafiyenmu lokacin hutu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma ni kaɗai ke da izinin zama a kan tanki. Ranar Alhamis mukan nufi kasuwar Shinkafi ta hanyar Moriki. Sai ya ɗaure mini ɗankwali tamau, ya ɗora hannuwana a tsakiyar kan babur ɗin, ya ce, "Uwata, riƙe nan, kada ki taɓa madubi." Iska na kaɗa babbar rigarsa ta baya kamar tuta, ni kuwa ina ƙirga jakuna da raƙuma. Ba ya gudu. Ko 'yan kabu-kabu sun wuce mu fuu, sai dai ya girgiza kai ya ce wanda ke sauri shi ya san abin da ya baro. A Shinkafi mu sayi albasa da busasshen kifi, ya saya mini awarwaro, ya ɗaure kayan a kariya da robar tsohuwar tif. Wani hutun kuma Zurmi muke zuwa wajen Gwaggo, ƙanwarsa. Tun daga bakin lungu take gane ƙarar babur ɗinsa, kafin mu yi sallama ta shimfiɗa tabarma ta dama fura. Sau nawa dare ya yi mana a hanya! Fitila ɗaya tal a cikin daji, in muka ga ruga ya tsaya a gaisa, a ba mu nono. Tsoronmu ɗaya ne a lokacin, kada ƙaya ta huda taya.

Da babur ɗin nan aka kai masu naƙuda asibiti cikin dare, da shi aka kai goron neman auren samarin unguwarmu da dama, da shi ake zuwa gaisuwar mutuwa ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Talaka mai albashi kaɗan, wannan ce ƙafarsa ta zumunci.

Ba dare ɗaya abin ya canja ba. Tun matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin SAP na 1986 mota ta gagari ma'aikaci, samari marasa aiki suka mai da babur sana'a, abin da Kanawa ke kira acaɓa mu kuma muke cewa kabu-kabu. Daga baya Jincheng 'yar Sin ta cika kasuwa da araha, Bajaj Boxer ta Indiya ta biyo baya, 'yan siyasa suka shiga rabon babura lokacin zaɓe. Yayyena sun ba ni labarin yadda aka hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata bayan ƙaddamar da shari'a a Zamfara a 2000, mata suka yi ta takawa a ƙasa zuwa awo da biki. Ni abin da na riska shi ne dokar hular kwano ta 2009, da har aka ji a rediyo wasu sun kifa ƙwarya a ka don su tsere wa tara. Baba ya yi dariya har da hawaye, don shi tasa hular ta fi yayata shekaru. Duk da haka bai taɓa zagin 'yan kabu-kabu ba. Cewa yake, yaron da ya fita neman halaliya a rana ya fi wanda ya zauna a dakali, gangancin ne kawai ba ya so.

Allah Ya yi masa rasuwa a 2014 bayan gajeriyar jinya. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan naku. Wani lokaci nakan ce gara da bai ga abin da babur ya koma ba a ƙasar da ya sha ratsawa da dare.

Kun dai san zancen. Yanzu a ƙauyukan Zurmi da Shinkafi in aka jiyo ƙarar babura da yawa daga nesa ba mai tsayawa tambaya, uwa ta suri goyonta, tsoho ya bar takalminsa. 'Yan bindiga kan zo a jere, biyu ko uku a kan kowane babur, su bi ta inda motar jami'an tsaro ba ta iya bi. A watan Mayun 2019 suka shiga makarantar 'yan mata ta Moriki, garin da muke tsayawa shan ruwa ni da Baba, suka tafi da mutane daga cikin masu aiki a wurin. A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe. A watan Satumba na wannan shekarar gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da mai a jarka, ta hana hawa babur da dare, aka kuma katse layukan waya na tsawon makonni. Ban ce ba a yi don alheri ba, amma mai bindiga a daji yake, bai san da wata doka ba. Wanda ta kama shi ne mai matar da naƙuda ta taso wa bayan isha'i, da manomin da ke son kai buhu ɗaya kasuwa ya sayo magani.

Yayana, wanda nake bi, kabu-kabu yake yi a cikin Ƙaura, da takardarsa ta difloma a akwati. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 rabin abin da ya samu a gidan mai yake barinsa. In ya fita bayan gari a shinge a tsare shi a yi masa kallon mai kai wa ɓarayi saƙo, in ya tsallake nan kuma yana fargabar ɓarayin su ƙwace babur ɗin, ko su haɗa da shi. Kwanaki wata yarinya da yake nema ta ce masa ita ba ta tsayuwa da mai babur, ƙawayenta za su yi mata dariya. Da ya gaya mini sai da na ji ɗaci a maƙogwarona. 'Yar'uwa, in kina cikin masu irin wannan magana, ki tambayi mahaifiyarki a kan me aka zo zance wurinta.

Rodmastar Baba na nan a zaure, an lulluɓe ta da tsohon bargo. Wani bakanike ya taya ta sau biyu don ya cire kayan jiki, Inna ta ce ko tsinke ba za a ɗauka ba. Yaya yakan tayar da ita jefi-jefi don kada injin ya kwanta, ya zagaya unguwa ya dawo, amma Inna ta yi rantsuwa ba zai hau ta zuwa Zurmi ba. Gwaggo kuwa ta tsufa, idonta ya yi rauni, rabona da ita shekara huɗu ke nan. A waya muke gaisawa, in an yi sa'a akwai sabis. Ranar sallar da ta wuce ta ce mini, "Ɗiyata, yaushe za ki taho in gan ki?" Na ce mata sai hanya ta yi kyau, Gwaggo. Ta ce to, Allah Shi gyara, ta tambaye ni ko har yanzu ana goge babur ɗin yayanta.