Malbaza, inda teku ya ƙafe

Matafiyin da ya baro Birnin Ƙonni ya nufi gabas bisa hanyar Maraɗi, in ya wuce Tsarnawa, farar ƙura ce ke sanar da shi ya iso Malbaza. Tun shekarun 1960 ake fasa farin dutse a nan, ana ƙona shi ya zama siminti.

Kaɗan ne cikin masu lodin buhuna suka san asalin dutsen. Shekaru kamar miliyan 60 da suka wuce, teku ne ya rufe ƙasar Adar har zuwa Sakkwato. Halittun ruwa suka rayu, suka mutu, ɓawonsu ya taru ya daskare. Har yau mai lura yakan tsinci katantanwa da ta rikiɗa dutse.

Dangin waɗannan halittu, wato murjani, masu hali a Turai na kiwonsu a ɗaka cikin akwatin gilashi. Murjani dabba ne, ba tsiro ba. Manyansa masu tsoka na buƙatar ruwan gishiri mai ɗumin digiri 25, da hasken fitila, da ɗan naman jatan lande in dare ya yi. Ana kuma ƙara masa sinadarin kalsiyam domin ya gina ƙashinsa, wato ainihin abin da ke jibge a Malbaza.

Ba mai cewa a tsaida aikin siminti, tunda iyalai da yawa da shi suke ci. Sai dai ya kamata a riƙa ware wasu katantanwar dutse a kai makarantun Malbaza, Ƙonni da Illela, kafin wuta ta cinye shaidar tekun.