Rubutun Da Ya Koɗe A Goshin Tsofaffin Kantuna

Mu da muke ratsa Fagge da kewayen tashar jirgin ƙasa ta Kano wajen neman abinci, idanunmu sun saba da tsofaffin gine-gine masu rubutun talla a goshinsu. Rana ta ci fentin, ƙurar hunturu ta goge shi, damina ta wanke, amma wanda ya tsaya ya ƙura ido zai iya haɗa baƙaƙen.

Asalin wannan al'ada ya biyo hanyar dogo ne. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kamfanonin Turawa suka kwararo sayen gyaɗa da fatu, irin su John Holt da G.B. Ollivant da Kamfanin Neja, wanda ya shiga haɗakar da ta haifi U.A.C. a 1929. Kowane ya gina kanti ya sa mai fenti ya hau tsani ya rubuta sunansa. Daga baya tallar kaya ta biyo, keken Raleigh, keken ɗinki na Singer, takalman Bata. Duk bangon da aka ga farashi a kansa da fam da sule, to, an rubuta shi kafin 1973, shekarar da naira ta shigo. Dalar gyaɗa kanta ta rushe bayan farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975.

Koɗewar waɗannan ba ta hana mu barci. Ciniki ne, ya yi zamaninsa ya wuce. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne rubutun iyayenmu. Da attajiranmu suka fara gina nasu kantuna, sun kwaikwayi Turawa wajen rubuta suna, amma suka ƙara abin da Bature bai sa ba, watau Basmala a sama da Larabci, ko wata kalmar godiya ga Allah, sa'an nan sunan Alhaji da 'ya'yansa a ƙasa. Niyyarsu kyakkyawa ce, neman albarka suke yi, Allah Ya saka musu.

To, amma Alhaji ya riga mu gidan gaskiya, magada sun raba gado, an sa 'yan haya. Bangon da ke ɗauke da sunan Allah yanzu kwata ce ke bin gindinsa, an mai da shi juji, masu wucewa suna tsugunawa su kama ruwa. Lokacin zaɓe ya zo, yara su manna hoton ɗan takara a kan Basmala. In kuwa aka zo rushe ginin, sai a kwashi ɓaraguzan a cike rami da su a kan hanya, jama'a suna takawa.

Abin mamaki, mu ne fa mutanen da tun muna makarantar allo aka hore mu kada mu zubar da wankin allo inda ƙafa ke bi. Mu ne in muka tsinci takarda mai ayar Alƙur'ani a ƙasa sai mu ɗauka mu soke ta a tsagar bango. Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, da ya haɗa jama'a a kan Mus'hafi guda, ƙone sauran rubuce-rubucen ya sa aka yi, bai bari aka watsar da su ba. Ashe sunan da muke girmamawa a takarda ya daina zama abin girmamawa don yana jikin siminti?

Gyaran ba shi da tsada. Magajin da kantin ke hannunsa ya sayi gwangwanin fenti, ko dai ya sabunta rubutun ya tsabtace gindin bangon, ko kuwa ya kankare sunan Allah ya bar na mahaifinsa. Ma'aikatan da ke ba da izinin rusau su ma suna iya cewa a kankare kafin katafila ta shiga. Ɗan kasuwar da zai sa a rubuta masa sabon allo kuma, muna ganin ya fi masa ya rataya Basmalar daga cikin kanti, inda zai sauke ta da hannunsa ran da zai tashi.