Littafin da Zai Tsaya a Madadin Hannun Gwani

Duk wani ninki da na iya ina yaro a Yakasai, da ido na koye shi. Kwale-kwalen takarda da muke saki a lungu idan ruwan damina ya sauka, yaro ne ya nuna wa yaro. Haka ake koyon ninke laya, haka ake koyon naɗa rawani: ka tsaya kusa da gwani, ka zuba wa yatsunsa ido. Origami kuwa, wato fasahar Japanawa ta ninke takarda ba almakashi ba gam, ta iso mana ba malami. Littafin da mutum zai saya wa ɗansa shi ne zai zama hannun gwanin. Idan ya faɗa kan maras kyau, yaron ba zai zargi littafi ba, kansa zai zarga, ya ce shi ne daƙiƙi.

Don haka ni ba na duba kyan bango, ba na kuma damuwa da harshen da aka rubuta shi. Zane nake dubawa. Akira Yoshizawa, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 2005, shi ya kafa alamomin da ake amfani da su yau, Samuel Randlett na Amurka da Robert Harbin na Ingila suka faɗaɗa su. Layi mai gaɓa-gaɓa yana nufin ka ninko takarda ta fuskarka, kari ya lotsa kamar kwari. Idan an saka ɗigo a tsakanin gaɓoɓin, to baya za ka ninke, kari ya taso kamar tudu. Kibiya ce ke nuna inda kusurwa za ta sauka. Wanda ya riƙe waɗannan zai iya bin littafin da aka buga a Tokyo ko bai san harafi ɗaya na harshensu ba.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. Nakan rufe rubutun da tafin hannu, in bi zanen farko da 'yar takarda. Littafin kirki ninki ɗaya yake nunawa a kowane mataki, kuma zanen gaba ya nuna maka yadda abin ya kamata ya koma. Wanda ya cusa ninki uku a hoto guda don tsimin shafi, a bar wa mai kanti kayansa. A kuma lura da jeri: a fara da kofi da hula masu mataki kaɗan kafin a kai ga tsuntsun nan mai kama da gauraka. Easy Origami na John Montroll a kan wannan tsari yake. Origami Design Secrets na Robert Lang taska ce, amma ba wa sabon shiga shi tamkar ɗora wa ɗan Ƙawa'idi Muhtasar ne.

Akwai wani lamari da mawallafan can ba sa tunaninsa. Gidaje da dama a cikin birni ba sa sakin jiki da surar mai rai, galibin littattafan kuwa cike suke da kwaɗi da karnuka. Ba sai an yi gardama da kakar yaro ba. Tomoko Fuse ta yi littattafai a kan akwatuna da siffofin da ake harhaɗawa daga ƙananan ninki iri ɗaya. Shida daga ninkin da ake kira Sonobe sukan ba da ɗan akwati mai fuska shida, talatin su ba da ƙwallo mai tsinaye wanda idon da ya saba da zanen bangon gidajenmu zai yi na'am da shi.

Saura takarda. Littattafan suna ɗauka kana da murabba'i mai santimita 15, abin da ke hannunmu kuwa A4 ce, ta shagon kwafi. Ninko kusurwa ɗaya ta kwanta a kan dogon gefe, ka yanke rarar, ka sami murabba'i mai santimita 21. Ta ɗan fi kauri, amma ga ƙananan yatsu girmanta alheri ne.