TAFASAR BAYAN ƊAKINA

Ranar da Abban Ummi ya tarar da ni ina zuba wa 'ya'yan tafasa ruwan zafi a kofin silba, tsayawa ya yi yana kallona kamar wadda ta samu taɓin hankali. Ya ce, "Maman Ummi, mutane suna biyan kuɗi a kashe musu ciyawa, ke kuma shuka ta za ki yi a gidana?" Na yi shiru, don ban san ta inda zan faro masa ba.

Inna ce sanadi. Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da ita muka dawo da ita wurinmu a Makarfi, abinci ya daina shigar ta. Ka kawo mata shinkafa da nama ta kau da kai, abin da take kira kullum shi ne kwaɗon tafasa. Takan ce a farin 1973 tana yarinya, tafasa ce ta riƙe gidansu, don haka ba ta yarda a raina ta a gabanta.

Mu da muna yara, da damina ta faɗi sai mu fita bayan gari mu cika zani da ita ba ko sisi. Yanzu kuwa gona da gefen hanya duk maganin feshi ne. In an kawo ta talla ban san inda aka tsinko ta ba, ita ma yarinyar ba lallai ta sani ba. To yaya zan ba marar lafiya?

Shekarar farko wayo na yi. Na aiki yara gefen wata fadamar rake suka tumɓuko min ƙanana na dasa. Kwana uku duk suka langaɓe. Ashe saiwarta guda ɗaya ce doguwa mai nutsewa ƙasa, in ta tsinke shi ke nan. Da kaka ta yi na tara busassun kwansonta, dogaye masu lanƙwasa kamar lauje, na ɓare na adana. Watan Yuni na shuka cike da tafin hannu, wallahi abin da ya fito bai kai goma ba.

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ce ta warware min. Ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, ai ƙwayar tafasa taurin kai gare ta. A daji sai ta shekara da shekaru a ƙasa, rana ta dake ta ruwa ya dake ta, kafin ɓawon ya saki." Ta ce in tafasa ruwa in sauke, ya ɗan sarara, in zuba musu su kwana a ciki, ko kuma in goga kowace ƙwaya a kan dutsen niƙa. Na zaɓi ruwan, don wa ke da lokacin goga ƙwaya ɗaiɗai ga rubutu yana jirana?

Da safe na tsince waɗanda suka kumbura, na binne su ba zurfi, bai kai gaɓar yatsa ba, a wurin da rana ke duka sosai. Mako bai cika ba sai ga su reras. Awakin gidan ma da nake tsoro sunsunawa kawai suke yi su wuce. Ina tsinkar kan ne tun yana ɗanye, sai ta ƙara rassa, na bar gindi biyar suka yi furensu rawaya saboda iri. Da magariba ganyen yakan rufe biyu-biyu, Ummi ta sheƙo da gudu wai tafasar Inna ta yi barci.

Na dafa, na matse ruwan, na kwaɗa da ƙuli-ƙuli, albasa, barkono da ɗan man gyaɗa. Inna ta kai loma ta farko, ta daɗe tana taunawa, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake. Can ta ce, "Gishiri ya yi yawa." Amma ta cinye tas, har ta siɗe kwanon.

Abban Ummi har yau ciyawa yake kiran ta, sai dai ranar kwaɗo ba ya fita hira da wuri. Irin bana yana cikin kwalbar magani ƙarƙashin matashin Inna, ta ce ba ta yarda da ajiyata ba.