Almajirancin Mai Zane

A tsawon shekarun da na yi ina koyar da zane, babu abin da na ga matasa sun fi ƙi kamar a ce su kwaikwayi aikin wani. Kowa so yake a san shi da salonsa tun bai iya zana gwiwar hannu ba. Ni kuwa abin da na tabbatar shi ne, mai son zana surar ɗan Adam dole ya yi almajiranci wurin magabata, ko da sun daɗe da barin duniya.

Ka sa fuskar da Rembrandt na ƙasar Holan ya zana a gabanka, ka ɗauki buroshi ka bi ta. A nan za ka gane inuwar gefen hanci ruwan ƙasa ce mai ɗumi, an shafa ta sama-sama, inda haske ya sauka a goshi kuwa an jibga fenti mai kauri. Da ido kaɗai za ka wuce wannan sau dubu. Kamar yaro ne mai bin rubutun malam a allo har hannunsa ya faɗa.

Manya ba su taɓa jin kunyar wannan ba. Rubens ya haura shekara 50, sunansa ya cika Turai, da ya je Madrid a 1628 ya zauna yana kwafar zanen Titian. Van Gogh kuwa, yana jinya a Saint-Rémy ta Faransa a 1889, ba ya samun mutanen da za su zauna ya zana su. Sai ya ɗauki hotunan manoma na mai zane Millet da aka buga baƙi da fari, ya sake zana su da launukansa: shuɗi, rawaya, ruwan goro. Tsayuwar manomin ta Millet ce, amma duk wanda ya gani ya san hannun wa ya taɓa shi.

A Zariya ma, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958 sun faɗaɗa ma'anar magabata. Uche Okeke ya koma kan zanen uli na matan Ibo, Demas Nwoko ya yi nazarin sassaƙen yumɓu na Nok.

Don haka, 'ya'yana, kowa ya zaɓi gwani ɗaya ya lizimce shi da haƙuri. In hannu ya nuna, ka fita kasuwa ka zana ɗan dako da buhu a ka. Abin da gwanin ya koya maka zai riƙe ƙashi da gaɓoɓi, sauran kuma idonka ne zai kawo.