Bokiti Ɗaya, Tsumma Ɗaya

Duk hutun ƙarshen zango ina taya yayana aiki a wurin wankin motarsa, shi ya sa ranar da Kawu zai karɓo sabuwar mota ya ce in raka shi. Shekara 35 ya yi yana aikin gwamnati, kuma kuɗin sallamarsa ya haɗa da na gonar da ya sayar kafin ya iya sayen ta. Baƙa ce wuluk, sabuwa dal, har da farar ledar nan da ake mannawa a boneti da rufi don kare fenti a hanya.

Dillalin ya ce, "Alhaji, a zauna a sha ruwa, yara su wanke ta su shafa mata man sheƙi. Kyauta ne." Kawu ya ji daɗi. Ni kuwa na leƙa bayan shagon. Yaro ɗaya ne da bokiti ɗaya, ruwan har ya yi ja saboda motocin da aka wanke kafin tamu. Tsumman ya faɗi ƙasa, ya ɗauka ya kakkaɓe ya ci gaba.

Gabana ya faɗi, domin Yaya ya koya mini cewa fentin mota hawa uku ne: na shimfiɗa, na launi, sai wani garai-garai a sama wanda ke ba da ƙyalli. Wannan na saman bai kai kaurin silin gashi ba. Ƙurar hunturu kuwa ɗauke take da ƙwayoyin yashi da suka fi shi tauri, don haka tsumma mai ƙura kankare shi yake yi. Man sheƙi yana cike zanen ya ɓoye shi, sai an yi wanki biyu ko uku asiri ya tonu, kuma a baƙar mota ya fi fitowa.

Na san duk wannan, amma na yi gum. Na ce a raina, yaro kamata ya tsoma baki a cinikin manya?

Bayan mako biyu Kawu ya kira ni tsakar rana. Jikin motar duk zane ne zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Ya ce, "Da me kake wanke mini mota?" Ashe ni ake tuhuma, tunda ni ke wanke ta a gida. Sai a lokacin na faɗi abin da na gani. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ka gani, ka yi shiru?" Wallahi da duka ya yi mini da ya fi sauƙi.

Yaya ya goge zanen da inji, amma ya gaya wa Kawu gaskiya: injin rage kaurin fentin saman yake yi, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa.

Ban ce kada dillali ya taɓa wanke sabuwar mota ba, domin dole a cire ledar da danƙonta. Amma a fara duba motar a hasken rana kafin a shafa mata komai. Sannan a ga kayan aikin: a fesa ruwa ƙura ta sauka tukuna, bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye tsumma, da tawul mai laushi. In babu waɗannan, gara a tafi da ita gida da ƙurarta.

'Yan uwana ɗalibai, da na ce, "Kawu, don Allah zo ka ga bokitin nan," babu wanda zai kira shi rashin kunya. Yanzu ko a aji ne, in na san abu, ina ɗaga hannu.