Takarda da Iyawa



Ni malamin makarantar Arabiyya ne a Kumasi. A gaban mahaifina na sauke Alƙur'ani, na karanta Ahalari da Risala. Bara wani kamfani ya nemi mai juya takardun ciniki daga Larabci zuwa Turanci. Na tafi da ƙarfin zuciya, don Larabcin akwai shi. Da isata sai suka zaunar da ni gaban kwamfuta, suka ce bismilla. Na yi gumi, na dawo gida ba aiki. Wanda aka ɗauka yaro ne da na koya wa baƙi da wasali, ya je jami'a ya haɗa biyun.

Abin ya yi mini zafi, amma ya buɗe mini ido. Kakanninmu da goro da shanu suka ci abinci. Kasuwar yau kuwa abin da ke cikin kai ta ke saye, watau lissafi, da likitanci, da injiniyanci, da sarrafa kwamfuta. Rumbun wannan haja shi ne jami'a. An kafa ta Legon a 1948, kwalejin fasaha ta Kumasi ta fara karatu a 1952, a 1961 duka biyu suka zama cikakkun jami'o'i. Ta Tamale ta zo a 1992. Tun 2017 kuma aka ɗauke kuɗin sakandare, saboda haka hanya ta ƙara buɗewa ga ɗan zango.

Amma samari, ku ji wannan. Takardar jami'a kaɗai ba ta ciyarwa. A layinmu akwai mai digiri, ya gama bautar ƙasa, shekara uku ke nan yana zaman benci. Haddace darasi ya yi don jarrabawa, hannunsa bai taɓa aikin ba. A wurinmu malami ba ya ba da ijaza sai ya ji karatunka da kunnensa. To, haka masu ɗaukar aiki su ke, sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Iyayenmu dattawa, ina roƙonku da ladabi, ku bar yara maza da mata su wuce gaba. Allo ba ya hana jami'a. Ni kaina yanzu bayan sallar isha ina zuwa wurin wancan almajiri nawa, yana koya mini kwamfuta, ban kuwa ji kunya ba.

Allah ya sa mu dace, amin. Wassalam.